Na Je Gashin Gwiwa, Aka Haɗa Ni da Aikin Gida

Ni malamar firamare ce a nan cikin garin Gombe, shekarata 51, kuma gwiwata ta dama ta kusa shekara biyu tana ciwo ina basarwa. Da farko a zaman tahiya nake jin ta. In na zo miƙewa sai in ji ƙas, sai na dafa ƙasa da hannu biyu. Da asuba kuwa ta riƙe ƙam, sai na yi 'yar zirga-zirga a tsakar gida kamar minti goma kafin ta saki. Da hunturu abin ya fi tsanani, shi ya sa duk wadda na yi wa ƙorafi sai ta ce sanyi ne, ni ma na zauna a kan sanyi ne. Babu irin man zafin da ban shafa ba. Daga nan na koma wa wani mai kemis a unguwarmu, yana ƙulla mini haɗi a leda, ƙwayoyi biyar ko shida kala-kala, babu suna babu kwali. Gaskiya in na sha sai in ji garau, har in yi wanki. Amma cikin 'yan watanni ƙirjina ya fara zafi kamar an zuba barkono, fuskata ta yi suntum, abokan aiki suna cewa hutu ya karɓe ni. An yi mini ƙaho sau biyu. Da aka yi dogon hutu na ce bari in huta wa ƙafar gaba ɗaya, na bar wa yara komai, ina kwance ina zaune. Aka koma makaranta na tarar ko dakalin ƙofar aji ba na iya hawa sai na riƙe bango.

Abin da ya kai ni asibiti ya faru ne a bakin Tsohuwar Kasuwa. Na sauko daga Keke Napep, ina taka ƙasa ƙafar ta lanƙwashe kamar ba tawa ba, na zube a gaban jama'a da kwandona. Kafin magariba gwiwar ta kumbura. Maigida ya ce a kira maɗori, ai targaɗe ne. Babbar 'yata ce ta tsaya kai da fata, ta ce, "Umma, shekara biyu kina fama, wannan ba na ɗori ba ne. Don Allah a je a ɗauki hoto tukuna." Ba na raina maɗora, a gidanmu ma an sha amfana da su, amma wannan karon yarinyar ta fi mu gaskiya.

Ranar farko asara na yi, kuma laifina ne. Sai da na sallami yara na gama kintsa gida, na isa babban asibiti wajen ƙarfe tara da rabi. Na tarar layin yankar kati ya yi nisa, ga wani layin daban na biyan kuɗi, kuma sai ka riƙo rasit ka dawo kafin a buɗe maka fayil. Ina tsaye da ƙafa guda kamar zalɓe har bayan sha biyu, ina isa aka ce an rufe karɓar katin ganin likita na ranar, sai gobe. Wata mata da ke gabana ta fi ni baƙin ciki: tana da inshorar lafiya, amma ta taho kai tsaye ba ta bi ta ƙaramin asibitin da ta yi rajista ta karɓo takardar turawa ba, aka mai da ita. Washegari ana idar da sallar asuba muka fito daga Pantami, ƙarfe bakwai saura ina kan benci. Naira 2,000 na biya na kati da fayil. Nas ta auna jinina da nauyina, kilo 88, na ce sikelin ne ya lalace, ta yi dariya ta ce kowa haka yake cewa. Wajen sha ɗaya na shiga wurin likita. Ya tattaɓa gwiwar, ya tambaye ni ko ina zazzaɓi, ko wasu gaɓoɓin suna kumbura, ko muna da sikila a gida, sannan ya ce in nuna masa abin da nake sha. Da na zazzage masa ledar haɗin a tebur sai ya yi shiru, ya ware ƙwayoyin da bakin biro. Ya ce biyu daga ciki magungunan kashe zafi ne dangin diclofenac, waɗanda in aka daɗe ana sha suna jawo gyambon ciki su kuma taɓa ƙoda, ƙaramar farar nan kuma ya fi zaton dangin prednisolone ce, ita ke kumbura fuska, ta tayar da sukari da hawan jini. Ya ce irinta ba a yanke ta rana ɗaya in an daɗe a kanta, ya tsara mini yadda zan rage a hankali. Ya rubuta gwajin jini da hoton ƙashi, ya tura ni wurin likitan ƙashi.

Hoton ya ci naira 7,000, gwajin jini ya ɗara haka kaɗan. A tsaye aka ɗauke ni, gaba da gefe, domin sai nauyin jiki yana kan gwiwa ake ganin ainihin yadda tazarar ƙasusuwan ta ragu. Sakamako ya fito bayan kwana biyu, amma likitocin ƙashi ba kullum suke zama ba, suna da ranarsu a mako, kuma sai an rubuta maka rana a bayan kati. Kwana 12 na jira. A kwanakin nan babu irin tunanin da ban yi ba, domin wata maƙwabciyata ta riga ta tabbatar mini cewa ruwan gwiwata ne ya ƙone, sai dai aiki.

Likitan ƙashi ya ɗaga hoton a jikin fitila ya nuna mini. Ƙarshen ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri kowanne yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, shi kuma ba ya fitowa a irin wannan hoton, sai dai a ga gurbinsa kamar fili tsakanin ƙasusuwan. Nawa filin ya tsuke ta ɓangaren ciki, ga wasu 'yan tsiro a gefen ƙashin. Ya ce wannan shi ne amosanin gaɓa na zaizayewar guringuntsi, ya fi kama mata daga shekara 50 zuwa sama, ƙiba da tsohon rauni suna ƙara shi, kuma cikin matakai huɗu da ake auna shi nawa yana na biyu. Na ce, "Likita, sai an yi aiki ke nan?" Ya ce ko kusa. Canjin gwiwa ana yin sa, har a asibitin ƙashi na Dala a Kano, amma na wanda gaɓarsa ta ci ta ƙare ne, ya gwada komai bai samu sauƙi ba. Allurar cikin gwiwa ma ya ce sauƙinta na 'yan makonni ne, ba a kuma yawaita ta. Ya rubuta mini man shafawa na asibiti da farasitamol, ya cike wata takarda ya ce in kai sashen gashi. A raina na ji kamar ya sallame ni ne kawai. Duk wannan wahala, a ƙare a gashi?

Sunan nan na gashi shi ya fara ruɗa ni, kuma na lura yana ruɗa mutane da yawa. Abin da na zana a kaina shi ne zan kwanta, a kunna na'ura ta gasa wurin, sanyin ya narke ya fita. Sashen yana can ƙarshen asibitin, ga tafiya, ga mai ciwon ƙafa. Su ma sai da suka buɗe nasu fayil ɗin, na koma na biya kuɗin duba na farko, aka ba ni rana bayan kwana huɗu. Na roƙa a haɗa ni da mace, aka ce babu damuwa, sai dai in dace da ranar da take aiki. Ranar na je da zani, na sha kunya, domin dole a ga gwiwa har zuwa tsakiyar cinya, a kuma ɗaga ƙafa sama. Daga ranar kullum sai na sa wando mai faɗi a ƙarƙashin zani.

Likitar gashin yarinya ce matashiya, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba, ta ce a Jami'ar Maiduguri ta yi karatu. Ta kusa minti arba'in tana bincike kafin ta taɓa wata na'ura. Ta sa na yi tafiya zuwa ƙofa na dawo tana kallon takuna. Ta ce in zaɓi lamba daga sifili zuwa goma a kan zafin da nake ji, na ce bakwai. Ta ɗauko wani ma'auni kamar na lissafin kusurwa da muke koya wa 'yan aji shida, ta ce lafiyayyar gwiwa tana naɗewa wajen digiri 135, tawa ta tsaya a 105, kuma ba ta miƙewa sosai. Sannan ta zagaya cinyoyina da tef irin na tela. Ta dama ta gaza ta hagu da santimita uku. Ta juyo da tef ɗin ta nuna mini, ta ce, "Mama, kin ga inda matsalar take. Wannan tsokar ta gaban cinya ita ce mai gadin gwiwa. Kin ji ciwo kin daina mora ta, ta rame, nauyi ya koma kan gaɓar, ciwo ya ƙaru, kika ƙara zama. Shi ya sa ta zubar da ke a kasuwa." Nan take hutun nan da na yi a kwance ya faɗo mini a rai.

Saboda akwai sauran kumburi da ɗumi, ba ta ma kunna fitilar da ake gasa wuri da ita ba ranar. Ƙanƙara ta naɗe a tawul ta ɗora mini na minti 15. Ni da na zo korar sanyi, aka ɗora mini ƙanƙara! Na ce, "Likita, anya?" Ta ce gwiwa mai kumburi da zafi sanyi take so, ɗumi kuwa na wadda ta sage ce babu kumburi. Daga baya ta manna mini wasu 'yan faifai masu waya, na ji tsikari yir-yir kamar tururuwa na tafiya, ya ɗan lafar da zafin. A zuwa na uku aka fara haska mini jar fitilar, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi gare ta, har gyangyaɗi nake yi. Na ce a ƙara mini lokaci ko da zan ƙara kuɗi. Ta girgiza kai. "Mama, fitilar nan lallashi ce, don ki samu ki iya motsa ƙafar. Ko shekara kika yi a ƙarƙashinta ba za ta ƙara miki tsoka ba. Ke malama ce, kin san darasin aji ba ya zama sai da aikin gida."

Aikin gidan a takarda ta zana mini shi da 'yan mutum-mutumi. Na farko, in zauna a kan gado ƙafa a miƙe, in naɗe tawul a ƙarƙashin gwiwa, in danna shi ƙasa har cinya ta ɗaure, in ƙirga biyar in saki, sau goma. Na biyu, in kwanta rigingine, in tanƙwashe lafiyayyar ƙafar, in ɗaga mai ciwon a miƙe kamar taƙi guda daga katifa, in riƙe, in sauke a hankali. Na uku, in ja dunduniya a kan zanin gado zuwa mazaunai in mayar. Safe da yamma, kullum. Da na gani na raina su. A ɗagawa ta shida cinyata ta kama rawa kamar mazari, gumi ya karyo mini.

Mako na biyu zuwa na uku shi ne inda na kusa gudu. Cinya ciwo, gwiwa ciwo, ga kuɗi na fita: kowane zama naira 2,500, sau biyu a mako, ga kuɗin Keke zuwa da dawowa, ga neman izini wurin hedimasta, ga jira, domin gadajen kaɗan ne, masu shanyewar ɓarin jiki da yara masu larura su ma suna layi. Wata rana an ɗauke wuta muka yi zaman awa biyu. Na yi kwana biyar ban taɓa takardar ba, na je na ce mata ina yi. Ta sa na ɗaga ƙafa, ta dube ni ta yi murmushi kawai. Kunya ta kama ni, ni da nake kama yara da irin wannan ƙaryar. Da na faɗi gaskiya cewa tsoro nake ji kada in ƙarasa cinye guringuntsin, sai ta zauna ta yi mini bayani. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, daga ruwan cikin gaɓa yake samun abincinsa, kuma sai ana motsi ana matsa shi ana saki, kamar soso, ruwan ke shiga ya fita. Ta ba ni ma'auni: zafin da bai wuce huɗu ko biyar cikin goma ba, wanda ya lafa kafin washegari, ba ɓarna ba ne, a ci gaba. In ya kwana ya wuni, ko gwiwa ta ƙara kumbura, an yi yawa ne, a rage, ba a daina ba.

A bencin jira na gane ciwon gwiwa suna ne kawai ya tara mu. Akwai wani saurayi ɗan ƙwallo daga Kumo, ya juya da gudu ƙafarsa na kafe, ya ji ɗas, jijiyar tsakiyar gwiwa ta tsinke. Shi hoton ƙashi bai nuna komai ba sai da aka yi masa MRI, wani hoton da ke nuna har jijiya da tsoka, kuma wata da watanni aka ce zai yi yana zuwa gashi. Akwai wani direba da faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya yage, gwiwarsa takan sarƙe ta ƙi miƙewa. Akwai wata 'yar jami'a da ƙoƙon gwiwa ke damu in ta daɗe a zaune ko tana saukowa daga bene, ita atisayen ƙugu aka fi ba ta. Sai wata Goggo daga Dukku, ƙafafunta sun lanƙwashe kamar baka, jikanta ke turo ta a keke. Kullum in ta gan ni sai ta ce, "'Yar nan, ki yi abin da suka ce tun da sauran ƙarfinki." Kowa da takardarsa daban. Shi ya sa da maƙwabciyata ta ce in ara mata tawa ta kwafa, na ce ta je a duba ta tukuna.

Gida ma sai da aka taɓa shi. Kujerar tsuguno da nake girki a kanta na bar ta, maigida ya sa kafinta ya yi mini doguwa da ɗan tebur. Masai na tsuguno aka ɗora masa kujera mai rami. Sanda kuwa na ƙi ta da farko, ina ganin tsufa ne, kuma da na karɓa a hannun dama na riƙe, gefen ciwon. Ashe kuskure ne, a hannun da ke ɗaya gefen ake riƙewa, ta tafi tare da ƙafa mai ciwo. Matakala kuma lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka. Salla ce ta fi tsaya mini a rai. Zaman tahiya yana bukatar gwiwa ta naɗe fiye da na tafiya da zaman kujera nesa ba kusa ba, aka ce in dakata da shi. Na yi ta jin kamar sallata ba ta cika, har malamin Islamiyyarmu ya tuna mini hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Sai na riƙa tsayuwa da ruku'u yadda aka saba, sujada da tahiya a kan kujera. Batun nauyi kuma likitar gashin ta ce duk kilo ɗaya da na sauke, kusan kilo huɗu na rage wa gwiwa a kowane taku. Na rage malmalar tuwo, na bar lemon kwalba, shayin safe ya koma cokali ɗaya na sukari. Masa ce dai har yau muke kokawa da ita.

A mako na shida na fara ganin haske. Aka ƙara mini tashi da zama daga kujera ba tare da dafawa ba, da hawa ɗan akwati, da ɗaga ƙugu daga kwance, da minti goma a keken motsa jiki. Na cika tsohuwar safa da yashi kilo ɗaya ina ɗaurawa a idon sawu. Zuwa ya koma sau ɗaya a mako, daga baya sau ɗaya a mako biyu. A wata na huɗu ta sake aunawa: naɗewa ta kai 125, bambancin cinya ya koma santimita ɗaya, zafi yana tsakanin biyu da uku, sikeli ya nuna 82. Zama 18 na yi gaba ɗaya, kuma da na yi lissafi, abin da na kashe a kemis da man zafi da ƙaho cikin shekara biyu ya fi shi. Ta faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba cewa guringuntsin da ya zaizaye ba ya dawowa, in aka sake hoto abin da aka gani da shi za a gani. Abin da ya canja shi ne ƙafar da ke ɗauke da shi.

Wanda zai bi wannan hanya, ya fita da sassafe, ya tafi da ɗan rakiya mai bin layin biyan kuɗi, ya haɗa kati da rasit da hoto a jaka guda, domin kowane sashe sai ya tambaya. Ya ɗebi duk maganin da yake sha ya nuna wa likita, har na gargajiya. Mai inshora ya fara karɓo takardar turawa. In za a kira mai gashi gida, a tambayi lasisinsa, akwai hukumar MRTB da ke yi musu rajista a Nijeriya, ba duk mai fitila da man tausa ne ya karanci aikin ba. Gwiwar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, ko wadda aka faɗi a kanta aka kasa takawa, wannan ba ta jiran ranar gashi, ta gaggawa ce, musamman ga yaro ko mai sikila. Kuma kada a tsorata da hoto: Goggon nan ta ce ƙanwarta hotonta ya fi nata muni amma tana zuwa rijiya, likitar ma ta ce sau da yawa abin da hoto ya nuna da zafin da mutum ke ji ba sa tafiya daidai.

Yanzu sandar tana bayan ƙofa, sai in zan yi doguwar tafiya. Ina sujada a ƙasa, na shimfiɗa bargo a ƙarƙashin darduma, tahiya ce har yanzu nake miƙe ƙafar dama gefe. Watan jiya biki ya ɗauke mini hankali na yi kwana goma ban taɓa safar yashin ba, gwiwar ta fara riƙewa da asuba kamar da, na koma. An rubuta mini in dawo a duba ni bayan wata uku, katin yana cikin jakar makaranta tare da rajistar aji.